Agogon Nasiba

Ni ne Gariba, mai gyaran agogo a Alabar,
rumfata na tsakanin mai wake-da-shinkafa da mai sayar da batir.
Shekara ashirin da uku ina kara kunne a bayan ƙarfe,
na san mai gudu, na san wanda ya gaji.
Ƙirga ba ta taɓa ba ni tsoro ba
sai Talatar nan.

Nasiba ta iso da wuri, bakwaini,
nauyinta bai kai mudun gari ba.
Sati biyar tana kwance a kwalba,
Kumasi na ta hayaniyarta a waje, ita ba ruwanta.
Aka ce yau za a leƙa bayan idonta,
don ganin bakwaini kan sulale ba sallama.

Adiza ta ce ita ba za ta iya kallo ba.
Ta tsaya a baranda riƙe da ƙyauren,
kamar ƙyauren ne zai faɗi.

Nas Adwoa ta ɗiga magani a ido,
ta naɗe yarinyar tsaf, ƙunshin dokunu,
ta maƙala mata jan haske a tafin ƙafa.
Na'ura ta fara: ɗis, ɗis, ɗis, ɗis.
Da Hausarta ta Zango ta ce mini,
“Baba, akwai igiya daga ido zuwa zuciya.
In an danna nan, can yakan ja birki.
Shi likita aikinsa ido.
Ni aikina lambar nan.”

Ɗari da hamsin da biyu.

Likita ya sa fitila a goshi,
ya buɗe fatar idon da ɗan ƙarfe,
ya danna gefen farin a hankali.
Ni da nake cire ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba,
na yaba hannun.

Ɗari da arba'in.
Ɗari da sha takwas.
Kukan ya yi siriri, ya yanke.
Casa'in da shida.
Tsakanin ɗis da ɗis hanya ta buɗe,
har mutum ya wuce da kaya a kai.
Na san wannan sautin.
Haka agogo kan yi kafin mai shi ya kawo mini shi a tafin hannu.

Tamanin da huɗu.

“Dokta, ɗaga.”
Ba ta yi ihu ba. Kamar mai cewa a miƙo gishiri.
Ya ɗage hannu nan take,
bai ce saura kaɗan ba,
bai ce bari in ƙarasa ba.
Ta shafa bayan Nasiba da yatsa biyu,
ta matso da bututun iska kusa da hanci.
Ga allura a faranti, an riga an zuƙe.
Ba wanda ya taɓa ta.

Na bi gaɓoɓin yatsuna da babban yatsa,
ban san ko tasbihi nake ba ko lissafi.

Ɗari.
Ɗari da talatin.
Sai kuka, cikakke, mai jin haushi,
har Adiza ta saki ƙyaure.

Suka jira. Ba wanda ya dubi agogon bango sai ni.
Da lambar ta zauna daram, suka koma,
ido na biyu, hannu ya ƙara sauƙi,
Adwoa na kiran lamba kamar yaron mota a Kejetia.
Aka ce jijiyoyin na tsirowa daidai,
mu dawo bayan sati biyu.

Da la'asar na buɗe rumfa.
Wani direba ya kawo agogo, gilashin ya ɓalle.
Aikin minti ɗaya ne: ka ɗora, ka danna.
Na ɗora.
Babban yatsana ya tsaya a sama.

“Malam, lafiya?”

Na ce lafiya.
Na kara shi a kunne tukuna,
sannan na danna, ina sauraro.